Wanda Zai Fara Lambu Ya Fara Neman Malami

A kowace shekara, idan bazara ta tsananta, kayan lambun rani suka ƙare, na damina kuwa ba su riga sun iso kasuwa ba, watau daga wajen watan Mayu zuwa Yuli, tumatir da tattasai da attarugu sukan yi tsadar da magidanci zai tsaya gaban mai kayan gwari yana jujjuya kuɗin cefane a hannu, ya rasa wanda zai saya ya bar wani. A irin wannan lokaci ne mutane da yawa, musamman ma'aikata da malaman makaranta da dattawan da suka ajiye aiki, sukan ɗaura niyya cewa in Allah ya yarda bana sai sun shuka abin miyarsu a bayan ɗaki. Niyya ce kyakkyawa, ba kuwa mai hankalin da zai kushe ta. Amma in ka koma gidajen nan bayan wata biyu ko uku, galibi abin da za ka tarar shi ne busassun karare da ƙasa a daddaɓe, maigidan kuma ya riga ya yanke hukunci cewa shi hannunsa ba ya karɓar shuka, ko kuwa ƙasar gidan ce ba ta da albarka. Ra'ayina a kan wannan mas'ala shi ne, hannu da ƙasa duk an ɗora musu laifin da ba nasu ba. Abin da yake kashe lambun sabon shiga, a mafi yawan lokuta, shi ne ya ɗauki aikin a matsayin abin da kowa ya iya, alhali kuwa ilmi ne mai ƙa'idoji da sharuɗɗa, wanda ba ya samuwa sai an durƙusa gaban masu shi.

Yadda abin yakan kasance ba ɓoyayye ba ne, kusan ma hanya ɗaya kowa yake bi. Mutum ya matse 'ya'yan wani tumatir da ya lalace a kwando, ya watsa su gindin mangwaro ko jikin katanga inda rana ba ta leƙawa sai da azahar, ya kwaso ɗanyen kashin kaji daga akurki ya zuba a kai don yana so abin ya yi sauri, sa'an nan ya dinga kwarara ruwa safe da rana da maraice, saboda a zatonsa yawan ruwa shi ne yawan ƙauna. Bayan mako guda tsiro ya fito a cunkushe, murna ta kama gida, a kira yara su zo su gani. Ba a jima ba sai tsiron ya yi tsawo ya sirance don neman haske, gindinsa ya ruɓe don yawan laima, ya kwanta. Abin da ya tsira kaji su tone, ƙadangare ya tsinke kan, akuya ta ƙarasa. In kuwa an yi dace wasu suka girma har suka yi fure, sai zafi ya kakkaɓe furen ba tare da ya ƙulla ɗa ko ɗaya ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da sababi sananne, kowane sababi kuma yana da magani wanda yaron mai lambu ɗan shekara goma sha biyu zai faɗa maka ba tare da ya tsaya tunani ba.

Asalin wannan raini, a ganina, shi ne kowane ɗayanmu yana ƙirga kansa cikin 'ya'yan manoma, ko da rabon gidansu da fartanya tun zamanin kakansa. Mun kuwa tashi muna jin ana kirari da na duƙe tsohon ciniki, har muka ɗauka gadon jini ne, ba sai an koya ba. To, ko da mutum ya yi noman gero da dawa da hannunsa, noman damina daban, lambu daban: wancan Ubangiji ne ke shayar da shi daga sama, manomi ya yi shuka da noman fari da maimai ya jira kaka, wannan kuwa kullum sai an auna masa ruwa da taki da inuwa, an rene shi tun yana cikin komi har a dasa shi. Sana'a ce mai zaman kanta tun da daɗewa a ƙasar Hausa. Baturen nan Clapperton, da ya shigo Kano a shekarar 1824, ya lura cewa mafi yawan filin da ke cikin ganuwa gonaki ne da lambuna, gidaje ba su ci ko rabinsa ba. Masu jigo kuwa sun yi ƙarnuka suna ɗaga ruwa daga rijiyoyin fadama suna kora shi cikin fangali. Albasar Galmi a Nijar, wadda sunanta ya kai ƙasashen bakin teku, da ta Aliero a jihar Kebbi, da tumatirin Kura da Kadawa da ke shan ruwan madatsar Tiga, duk ba sa'a ce kawai ta haifar da su ba. Malaman Musulunci na da ma ba su ƙyamaci rubuta wannan fanni ba, don kuwa Ibn al-Awwam, mutumin Ishbiliya a ƙasar Andalus, ya wallafa babban littafi a kan filaha tun wajen ƙarni na 12, ya yi babi-babi a kan ƙasa da taki da ban ruwa da dashe. Abin da malami ya ga ya cancanci tawada da alƙalami, bai kamata jahilinsa ya ɗauka zai iya shi da rana ɗaya ba.

Sharaɗi na farko shi ne mutum ya san da abin da zai fara. A makarantun ilmi na zaure ba a taɓa ɗora wa almajiri Muhtasar ranar da ya fara zama ba. Da Ahalari ake farawa, a bi ta Ishmawi da Iziyya da Risala, sai wuyansa ya yi ƙwari kana a kai shi ga manyan littattafai. Tumatir shi ne Muhtasar ɗin lambu, amma shi kowane sabon shiga yake ɗauka da fari. Baƙo ne a ƙasarmu, asalinsa daga nahiyar Amurka ta Kudu yake, kamar yadda barkono da tattasai su ma daga can ƙetaren suka zo. Yana son rana mai haske da dare mai sanyi, in zafi ya haura wajen digiri 35 furensa yakan zube, in kuma ruwan sama ya yi yawa cututtukan ganye su taso masa. Ko gwanayen da suka tsufa cikin aikin ba su tsira daga sharrinsa ba: a shekarar 2016 wata 'yar tsutsa mai shiga cikin ganye da 'ya'ya, wadda masana ke kira Tuta absoluta, manomanmu kuwa suka laƙaba mata Sharon, ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Abin da ya durƙusar da masu eka-eka, ina ga mai komi ɗaya da bai san kamannin tsutsar ba?

Ahalarin lambu kuwa shi ne alayyafo. A yayyafa irinsa a haɗe da ɗan rairayi don kada ya cunkushe, cikin kwana huɗu ko biyar ya tsiro, cikin mako uku zuwa huɗu a fara yanka, in an yanka sama-sama kuma ya sake tohowa. Bayansa sai yakuwa da rama da lalo, da kuɓewa wadda ke fara ba da 'ya'ya cikin wata biyu ko ƙasa da haka, ba ta kuma jin tsoron zafin da ke kashe tumatir. Sai kabewa da za ta hau danga ta kama gabanta. Sai zogale, wanda reshensa kawai za a sara a kafa, ya kama, ya yi shekara da shekaru yana ciyar da gida. Waɗannan sun saba da ƙasarmu da ranarmu, suna yafe wa mai koyo kuskurensa, suna kuma ba shi abin sakawa a tukunya tun himmarsa ba ta yi sanyi ba. Wannan kuwa ba ƙaramar fa'ida ba ce, domin zuciyar ɗan Adam ba ta daɗewa kan aikin da ba ta ga amfaninsa ba.

Akwai kuma hujja ta lissafi, wadda masu ɗokin tumatir ba su cika tsayawa su duba ba. Lokacin da tumatir ya fi yin kyau a bayan ɗaki, watau a rene shi a Oktoba ko Nuwamba, a dasa bayan mako uku ko huɗu, a fara tsinka a Janairu da Fabrairu, shi ne daidai lokacin da motoci ke sauke kwanduna a kasuwar 'Yankaba har a rasa mai saye, manoma suna yanka shi suna shanyawa a bakin hanya don yin kauɗa. Ma'ana, ranar da naka ya nuna, ranar ce na kasuwa ya fi araha. Ranar da na kasuwa ya yi tsada kuwa, naka ma ba zai yi ba, saboda dalilin da ya hana na manoma shi zai hana naka. Wanda yake son ya tsere wa tsadar bazara, hanyar da ta fi masa sauƙi ita ce ya sayi kwando lokacin araha ya shanya ya adana, kamar yadda iyayenmu mata suka saba. Ganye kuwa hukuncinsa daban ne: ba ya jure tafiya, ba ya jure kwana, daɗinsa da amfaninsa suna cikin ɗanyensa, sa'an nan ba asiri ba ne cewa wani sashe na ganyen da ake sayarwa a manyan birane da ruwan kwata ake shayar da shi, kamar lambunan da ke bin rafin Jakara a Kano, inda dattin gidaje da na masana'antu ke gangarawa. Wanda ya shuka latas ɗin da iyalinsa za su ci ɗanye, ya san ruwan da ya sha, ya sami abin da kuɗi ba sa tabbatar masa a kasuwa.

Sharaɗi na biyu shi ne wuri da ƙasa. Kayan lambu suna bukatar rana ta kai sa'a shida a yini, saboda haka gindin bishiya, duk da ya fi daɗin zama, shi ne mafi munin wuri, don bishiyar za ta tare haske daga sama, saiwarta kuma ta shanye ruwa da taki daga ƙasa. Ƙasar gidajen birni galibi an tattake ta shekara da shekaru, ta cika da ɓaraguzan gini da leda da gawayin batir, ba za ta yi komai ba sai an kafta ta zurfin taƙi guda ko fiye, an tsince tarkacen, an gauraya ta da taki. Takin kuwa lalle ya zama ruɓaɓɓe: kashin awaki ko na shanu ko na kaji da aka tara aka yayyafa wa ruwa, aka bar shi wata biyu ko uku har zafinsa ya fita, warinsa ya kwanta, ya koma baƙi mai laushi. Ɗanyen kashin kaji wuta ne, yana ƙone saiwa. Takin zamani ma, in aka zuba shi jikin gindin tsiro ko aka wuce kima, haka yake yi. Faɗin komi kada ya wuce inda hannu zai kai tsakiyarsa daga kowane gefe, don kada a riƙa taka shi. Da rani a yi shi a lotse don ya riƙe ruwa, da damina a ɗaga shi kamar kunya don ruwa ya wuce. Karas da kuɓewa a inda za su zauna ake shuka su, ba sa son dashe. Tumatir da tattasai da albasa da latas kuwa sai an rene su, a dasa da la'asar sakaliya, a ba su ruwa nan take, don su kwana cikin sanyi kafin rana ta same su.

Sharaɗi na uku, wanda a kansa ne lambunan gida da yawa suke mutuwa, shi ne ruwa. Ya kuwa kamata a yi lissafinsa tun ba a kafa fartanya ba. Da rani, kowace murabba'in mita ɗaya ta lambu tana shan kimanin lita 5 zuwa 6 a yini, da bazara ma ta fi haka. Saboda haka komi mai faɗin mita 1 da tsawon mita 4 jarka guda yake ci kullum, ba Juma'a ba Lahadi. Wanda ya yi kwaɗayi ya buɗe komaye goma, alhali a hannun 'yan ga-ruwa yake sayen ruwa, ya ɗaura wa kansa kusan kura guda kowace safiya, kuma ba a jima ba uwargida za ta nuna masa, da gaskiyarta, cewa kuɗin ruwan ya fi kuɗin cefanen. Tadbiri shi ne a yi lambu gwargwadon ruwan da gida yake zubarwa a banza: ruwan alwala, da na wankin shinkafa da wake da kayan miya, in an tara su a bokiti sun isa komi ɗaya ko biyu, a dai nisanci ruwan da ke da omo ko gishiri ko maiƙo. A yi ban ruwa da sassafe ko da yamma, a gindi, ba a kan ganye ba. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa a kan ƙasar don rana kada ta shanye laimar. Kafin a ƙara ruwa kuma a tura yatsa cikin ƙasa, in da damshi a dakata. Addininmu ya hana israfi da ruwa ko a wajen alwala, balle a zuba shi inda zai ruɓar da abin da ake so ya rayu.

Sa'an nan sai shinge, wanda ya kamata ya riga iri shiga ƙasa. Rigingimu nawa ne suka tashi tsakanin maƙwabta, har aka daina gaisawa, saboda akuya ta ci alayyafon da bai kai kuɗin goro ba? Fuƙaha'unmu sun daɗe da warware wannan. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito labarin taguwar Bara'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, aka yi hukunci cewa tsaron gona da rana yana kan masu gona, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa masu dabbobin ne za su biya. Saboda haka wanda ya bar kominsa a buɗe da rana tsaka, ya zo yana ɗaga murya don tunkiyar maƙwabci ta shiga, ya fara tuhumar kansa tukuna. Darni na kara, ko tsohuwar zana, ko ragar waya, ko ma tsohon gidan sauro da aka lulluɓa wa ƙananan tsiro don kaji da ƙadangaru da tsuntsaye, duk suna wadatarwa. Haƙƙin maƙwabtaka kuma yana da ɗaya fuskar: kada mai lambu ya jingina kominsa da katangar maƙwabci, musamman in ginin ƙasa ne, ya riƙa jiƙa ta har gindinta ya zaizaye, kada kuma ya bar ruwa ya kwanta ya tara wa unguwa sauro, cuta ba ta halatta don an yi ta da kyakkyawar niyya.

Ƙwari kuwa ba makawa sai sun zo, kuma a nan ne jahilci yakan wuce asarar ganye ya kai ga taɓa lafiya. Sabon shiga, da ya ga tsutsa ko darɓa, sai ya ruga ya sayo fiya-fiya ko wani maganin da ba a yi shi don abinci ba, ya fesa da safe, da yamma a tsinko a yi miya. Kowane maganin feshi na gona yana da adadin da ake damawa da kwanakin da ake jira kafin a ci abin da aka fesa wa, an kuwa rubuta su jikin kwalba. Wanda ba zai karanta ba, ko ba zai nemi a karanta masa ba, barinsa ya fi masa alheri. Lambu ɗan ƙarami ma da wuya ya bukaci guba: a duba bayan ganye kowace safiya a tsince tsutsa da hannu, a cire ganyen da ya kamu a ƙone, a barbaɗa toka, a daka 'ya'yan darbejiya a jiƙa su kwana a tace a yayyafa da yamma. Kada kuma a maimaita dangi ɗaya a komi ɗaya: tumatir da tattasai da attarugu da gauta duk 'yan gida ɗaya ne, cutar ɗaya tana kama sauran, sai a bi bayansu da albasa ko masara ko a huta da ƙasar. Haka batun iri: yawancin irin da ake sayarwa cikin ƙananan fakiti haɗe-haɗe ne na zamani, in aka ajiye 'ya'yansa aka sake shukawa ba ya fitowa kamar uwarsa, irin kuɓewa da yakuwa da alayyafo na gida kuwa, a bar mafi kyawu ya ƙosa ya bushe, a adana shi cikin toka ko kwalba mai murfi, ya isa baɗi har a ba wani.

To, wa zai koya wa mutum duk wannan? Malamai suna nan birjik, girman kai ne kawai yake ɓoye su. Ba garin da ba shi da fadama ko bakin rafi inda wani dattijo ya shekara talatin yana sunkuye kan fangali; ma'aikacin da ke da digiri ba zai ragu da komai ba in ya sayi goro ya je da yamma ya yi sallama, ya ce, “Baba, na zo neman sani ne, ina so in fara ɗan lambu a gida,” ya zauna ya saurara, ya sayi dashe a hannunsa maimakon ya wahala da reno a shekarar farko. Matambayi ba ya ɓata. Akwai malaman gona a ƙananan hukumomi, akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, wadda tushenta ya faro tun 1922, akwai shirye-shiryen manoma a gidajen rediyo. Kusa da duk waɗannan ma, sau da yawa malamin yana cikin gida: tsohuwar da ta taso a karkara ta san lokacin da ake kafa zogale da yadda ake shanya kuɓewa ba ta yi baƙi ba, ba wanda ya taɓa tambayarta ne kawai. Adalci kuma ya wajabta a faɗi cewa lambun da maigida ya ƙirƙira da ɗoki, uwargida da yara ne suke ɗaukar ban ruwansa in ya fita aiki. Saboda haka shawara da ita kafin a ci mata wurin shanya ko wurin murhu wajibi ne, ba alfarma ba.

Masu suka suna da maganganunsu, wasu kuma da gaskiya a ciki. Sukan ce mafi yawan mutanen birni haya suke yi, ba su da ko taku biyar na ƙasa. Amsa ita ce tsohon buhu ko fasasshen bokiti da aka huda ƙasansa aka cika da ƙasa da taki yana ɗaukar alayyafo ko gindin attarugu, ranar tashi kuma a ɗauke shi tare da kaya. Sukan ce lambun gida ba zai ciyar da ƙasa ba, wannan kuwa haka yake, ba kuma zai sauke wa hukuma nauyin gyara madatsun ruwa da hanyoyi da samar da taki ba. Sukan tuna mana cewa an taɓa yin irin wannan kira: a 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, aka yi ta shela kowa ya noma bayan ɗakinsa, makarantu da barikoki suka kafa gonaki, ba a daɗe ba aka maye gurbinsa da wani shirin a 1980, ɗokin ya kwanta. A Nijar ma, bayan farin 1984, Janar Seyni Kountché ya matsa wa jama'a su rungumi noman rani, wanda har yau ake cin moriyarsa a wurare da yawa. Darasin da nake ɗauka daga waɗannan shi ne shela tana tayar da niyya, amma ba ta koya wa kowa yadda ake dasa albasa. Inda aka haɗa kira da ruwa da mai koyarwa abu yakan kafu, inda aka tsaya ga kira kaɗai kuwa yakan bi iska.

Ba kuma da ma'aunin kasuwa kaɗai ake auna wannan aiki ba. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa Musulmin da ya dasa ko ya shuka wani abu, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, ana rubuta masa ladan sadaka. Saboda haka ko abin da ƙadangare ya tsinke bai tafi a banza ba ga wanda ya kyautata niyya. A mazhabarmu ta Malikiyya ba a ɗora zakka a kan ganyaye da kayan marmari ba, sai aka bar ƙofar kyauta a buɗe ga mai so. Kuɓewa kuwa in ta fara zuba takan fi ƙarfin tukunya ɗaya, dole a aika wa maƙwabta, kwanon da ya tafi da kuɓewa kuma ba ya dawowa wayam. Yaron da ya ga yadda ake wahala kafin a sami damin alayyafo ɗaya zai rage wulaƙanta abinci, babban da ya gwada kuma zai ji nauyin tsayawa yana yi wa mai kayan gwari tayin wulaƙanci.

Abin da nake jin tsoro fiye da gazawar masu koyo shi ne yadda muke toshe wa 'ya'yanmu ƙofar koyon ma gaba ɗaya. Ginin zamani ya zo mana da al'adar shafe tsakar gida da siminti ko jera mata tubalan daɓe daga ƙofa har bayan gida, mai fili kuma ya cika shi da ɗakuna har jikin katanga, ta yadda ruwan sama ba ya samun inda zai nutse sai ya fita titi ya zama ambaliya, zafi kuma ya ƙaru a ɗaka. Ina kira ga duk wanda Allah ya hore wa gini ya bar ko da taku goma na ƙasa a ɓangaren da rana take samu. Shugabannin makarantu su maido da lambun makaranta, su ɗauko tsofaffin masu lambu na garinsu su koyar, a biya su ladan aikinsu kamar kowane malami. Masu unguwanni da limamai kuma su haɗa masu sha'awa da masu sani, tun da su suka san kowa. Shi kuwa mai niyyar farawa, ya yi komi ɗaya tak a bana, ya kewaye shi, ya shuka ganye, ya nemi wanda zai riƙa tambaya. In shekara ta zagayo yana da abin yanka kuma bai gaji ba, sa'an nan ya ƙara na biyu. Allah ya sa albarka a cikin abin da muka shuka, ya kuma ba mu tawali'un tambayar abin da ba mu sani ba.